Tsofaffin motoci masu kujera biyu da rufin tamfol: wacce ce za ta jure zafi da ƙura?

Dan_Totur: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata a kan ƙananan motocin nan ne na da, masu kujera biyu, waɗanda ake naɗe rufinsu a yi tuƙi a sarari: MGB, Triumph Spitfire, TR6, Alfa Romeo Spider da ire-irensu. MGB dai ƙarfin doki 95 gare ta, Corolla ta yau ma za ta bar ta a baya. To ina daɗin yake? Kuma idan mutum zai riƙe ɗaya a inda zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, wacce ce ba za ta kwana a gareji kullum ba?

Malam_Kafireta: Wa alaikumus salam. Daɗin ba a gudu yake ba, a rashin nauyi yake. MGB ta farko ba ta kai tan ɗaya ba, Lotus Elan ta 1962 kuwa wajen kilo 700 ce kacal. Inji a gaba, tayoyin baya ke turawa, mazauninka dab da ƙasa, sitiyari babu famfon da ke taimaka masa. Duk abin da tayar gaba ta taka, tafin hannunka zai sani. A gudun kilomita 70 kana jin kana tuƙi, alhali a motar zamani sai ka kai inda za ka iya kashe kanka kafin ka ji wani abu.

Idan kuwa zaɓi ne, MGB. An ƙera ta a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, sama da dubu ɗari biyar idan an haɗa da mai rufin ƙarfe, kuma har yau ana buga kayanta sababbi. Hatta gangar jikinta sukutum ana sake bugawa tun 1988.

MaiWalda_Kurna: Malam ya fara da inji da suna, ni kuwa da tsatsa zan fara. Injin MGB kowane bakanike mai haƙuri zai tashe shi. Jikin ne matsala. Motar ba ta da firam daban a ƙasa, jikin shi ne ƙashin bayanta, kuma tunda babu rufin ƙarfe, dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi su ke riƙe gaba da baya. Ba falle ɗaya ba ne: akwai na waje da ido ke gani, akwai na tsakiya a tsaye, akwai na ƙasa. Tsatsa daga ciki take cinyewa, na waje yana ƙyalli.

Ga gwaji. A buɗe ƙofa a rufe ana kallon tazarar da ke tsakaninta da jiki. Sannan a sa jak a ɗaga gefe ɗaya a sake gwadawa. Idan tazarar ta sauya, ko ƙofar ta ƙi rufuwa, motar ta lanƙwashe a tsakiya. A bi ƙasan fenda da mayen ƙarfe naɗe a tsumma, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cusa. Idan kuma an lulluɓe wurin da farin ƙarfe mai sheƙi wai ado, a ce a kwance shi. Mai mota ya ƙi, a kama hanya.

Hajiya_Overdrive: Gaskiyar MaiWalda. Sai dai in ƙara: tsatsar da ita motar take zuwa, daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. A busasshen wuri ba ta ci gaba da sauri. Shi ya sa wadda ta yi rayuwarta a Kalifoniya ko Arizona ta fi wadda ta fito daga Ingila daraja, ko da fentinta ya ƙone. Rana fenti da roba da kujera take ci, waɗannan kuwa kuɗi kaɗan ne a kan walda.

Bawul_Hudu: Kuma ta Amurka sitiyarinta a hagu yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, Ghana ta bi a 1974, Nijar kuwa dama can haka take. Mai sitiyari a dama wahala ce wajen wuce babbar mota, wahala ce wajen takardu. Sa'ar da aka yi, mafi yawan MGB da TR6 Amurka aka kai su. A kuma tambayi ƙa'idar shekarun motar da ake shigowa da ita kafin a biya ko sisi.

Malam_Kafireta: Amma a lura da shekara. Daga ƙarshen 1974 dokokin Amurka suka sa aka maƙala mata baƙin bamba na roba mai nauyi, aka kuma ɗaga ta sama. Daga 1975 ta Amurka ta koma kafireta ɗaya, ƙarfinta ya faɗi zuwa doki sittin da 'yan kai. Mai neman daɗin tuƙi ya nemi mai bamban ƙarfe.

Oga_Sule_Gareji: Malam, a nan ban bi ka ba. Ɗagawar da kake kuka da ita, a titinmu alheri ce. Mai bamban ƙarfe tsakaninta da ƙasa inci biyar ne ko kusa, salansa ce ke fara gaisawa da tudun rage gudu. Mai bamban roba ta fi arha, ta fi tsayi, kafireta biyu kuwa ana iya mayar mata da bakin salansar da ya dace. Daga 1977 ma an sa mata sandar hana tangaɗi gaba da baya, ta daina kwanciya a kwana kamar na 1975 da 1976.

Dan_Totur: To batun zafin fa? Shi ne ya fi damuna.

Lagireto_Baba: Zafi iri biyu ne, kada a haɗa su. Akwai zafin ruwa, akwai zafin fetur.

Na ruwa: injin MGB ƙarfen zubi ne, laka da tsatsa suna taruwa a bayan bulok wajen silinda ta huɗu, inda ruwa ya fi tafiya a hankali. A gefen bulok akwai 'yar mafitar ruwa. Idan an kwance ta ruwa bai fito ba, laka ta toshe, sai an zungure da waya an wanke har ruwa ya fito garau. A kai lagireto a buɗe a wanke, ko a sake masa ciki mai layi uku. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla ba ya yi, yana barin farin gishiri a bututu. A zuba ruwan lagireto mai maganin tsatsa.

Sai al'adar nan ta cire tamostat da zarar mota ta shigo. Kuskure ne. Kamfanin da kansa ya tanadi mai buɗewa a digiri 74 don ƙasashe masu zafi, a maimakon na 82. A sa wannan. Kan silindar injin nan yana da halin tsagewa tsakanin ta biyu da ta uku, don a nan hayaƙin silinda biyu ke fita ta rami ɗaya, wurin ya fi ko'ina zafi. Sau ɗaya ruwa ya ƙafe ya isa.

Na fetur kuwa: kafiretocin biyu suna zaune ne a saman bakin salansa, gefe ɗaya. Tsakaninsu akwai faranti mai tare zafi. Idan abin da aka manna a bayan farantin ya zube, fetur yana tafasa a kofin kafireta. Alamarsa, mota na tafiya lafiya a buɗaɗɗen titi, a shiga cunkoso ta fara shaƙewa, a kashe ta minti goma ta ƙi tashi sai ta huce. Mutane su yi ta canza kwayil da fulogi a banza.

Malam_Kafireta: Baba ya gama magana. Tunda an zo kan SU, wato irin kafiretar da ke kan MGB, ga yadda ake saita ta, don yawancin masu gyara sun saba da kafiretar Solex ta Peugeot, suna neman sukurun da babu shi.

Kafireta ita ce ƙarshe, ba farko ba. A fara da tazarar bawul, inci 0.015 inji a sanyaye a yawancinsu, amma a duba littafin shekarar motar. Sai tazarar kwantak, 0.014 zuwa 0.016. Sai taimin. Wuta tana bin 1-3-4-2. Bayan nan a kwance baƙin murfin da ke saman kowace kafireta a duba man da ke ciki. Idan ya ƙafe, fistin ɗin yana zabura sama da zarar an taka totur, mota ta yi tari kafin ta ja.

A cire abin tace iska, a sassauta sandar da ta haɗa kafiretocin biyu, a ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireta, wuri iri ɗaya a kowacce. A juya sukurun salo (juyin inji ba a taka totur ba) har hucin biyun ya zama ɗaya. Sannan cakuɗin mai: notin da ke ƙasa a murɗa shi sama har ƙarshe, a dawo da shi zagaye biyu, nan ne mafari. Inji da zafi, a ɗaga fistin kaɗan, bai kai milimita ɗaya ba. Idan ƙarar inji ta ɗan hau ta dawo, daidai ne. Ta hau ta zauna a sama, mai ya yi yawa. Ta faɗi kamar za ta mutu, mai ya yi kaɗan. Wannan na SU ƙirar HS4 ne, ƙirar HIF4 da ta zo daga baya da sukuru ake yi a gefe.

Idan an yi duk wannan salo ya ƙi zama wuri ɗaya, a girgiza sandar malam-buɗe-littafin totur (farantin da ke buɗe wa iska hanya a kafireta) da yatsa. Tana motsi, iska na shiga ta nan, sai an sa bushin.

Yar_Zinder404: Sannunku da ƙoƙari. Duk kun tafi Ingila kun manta Faransa. Peugeot ta yi 204 da 304 masu naɗe rufi, kujera biyu, sannan 504 Cabriolet wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, daga 1969 zuwa 1983. Wa ya kai mutanen Kano da Maraɗi da Damagaram sanin 504? A Kaduna ma an harhaɗa ta shekara da shekaru.

Oga_Sule_Gareji: 'Yar Zinder, suna ne ɗaya, jiki daban. Babu fallen ƙarfe ɗaya na jikin Cabriolet da ya yi daidai da na 504 ɗin da muka sani, ta fi gajarta, fitilu daban, gilashi daban. Mai silinda huɗun ma ba kafireta gare ta ba, famfon fesa mai ne na Kugelfischer, wanda ba kowa ke taɓa shi ba. Bulok da wasu kayan ƙafa za a samu dangi, shi ke nan. Kuma kujera huɗu ce, ta fita daga tambayar. 204 da 304 kuwa tayar gaba ke ja.

Yar_Zinder404: Na karɓi gyara a kan kujera. Amma jan gaba ba laifi ba ne, mota ce marar nauyi.

Giya_Biyar: Ni mamakina har yanzu babu wanda ya ambaci Mazda MX-5. Duk abin da kuke yabo a MGB da Elan, Japanawa sun zauna sun kwaikwaya sun cire ciwon kan. An nuna ta a Chicago a Fabrairun 1989. Inji 1.6, ƙarfin doki wajen 115, nauyi ƙasa da tan ɗaya, giya biyar mai gajeren hannu, nauyin gaba da na baya kusan daidai. Taken da suka yi aiki da shi ma'anarsa doki da mahayi su zama abu ɗaya, wanda duk wanda ya taɓa ganin gwanin sukuwa ranar hawan sallah ya san me ake nufi. Ana tada ta da safe ta tashi. A Amurka Miata ake ce mata, a Japan Eunos Roadster, amma ta Japan sitiyari a dama.

Malam_Kafireta: Mota mai kwamfuta ba ta shiga sahun tsofaffi ba tukuna.

Giya_Biyar: Malam, ta haura shekara talatin. Lokacin da aka daina MGB, ta farkonta shekararta 18 kacal.

Bawul_Hudu: Ita ma tana da nata. Masu 1.6 na farko, daga 1989 zuwa tsakiyar 1991, hancin karanshaf ɗinsu gajere ne. Idan aka canza bel ɗin taimin ba a ɗaure babban notin da ma'auni ba, ramin makullin yana cinyewa, fule ya fara rawa, taimin ya zame, mota ta rasa ƙarfi a hankali ba a san dalili ba. Ana gane su da ido: a leƙa fulen gaba, mai tsaga huɗu gajeren hanci ne, mai tsaga takwas shi ne wanda aka gyara. Bel ɗin kowace kilomita dubu ɗari ko kusa. Daɗinta ko ya tsinke fistin ba ya dukan bawul.

Saman lagiretonta roba ne. Baƙi ne yana sabo, idan ya koma ruwan ƙasa ya gasu, ana gab da fashewa, a canza kafin ya zaɓi ranar da kansa. Akwai kuma ramukan da ruwan rufi ke bi, a bayan kujeru kusa da inda bel ɗin ɗaura jiki ke fitowa. Ƙura da ganye su toshe su, ruwa ya koma cikin ƙarfen ƙarƙashin ƙofa, sai ga irin tsatsar da MaiWalda ya faɗa a gaban tayar baya. Bayan hunturu, kafin ruwan farko, a zura musu waya mai laushi a zuba ruwa a ga ya fita ƙasa.

Hajiya_Overdrive: Kuma tagar baya ta roba ce mai zif. A zuge ta a kwantar da ita a miƙe kafin a naɗe rufin, in ba haka ba ta karye a tsakiya. Kada a goge ta da busasshen tsumma idan ƙura ta hau, yashi ne, zai zane ta har ta daina nuna komai. Ruwa tukuna.

Dan_Totur: Babu mai maganar Triumph. Spitfire ba ta fi arha ba?

Kingpin_Katsina: Ta fi arha, ta kuma fi kowacce daɗin gyara. Bonet da fenda gaba ɗaya suke ɗagawa su kifa gaba, bakanike ya zauna a kan taya yana aiki. Giyabos ta cikin mota ake zaro shi, alhali a MGB canza kuloci sai an fito da inji. Michelotti, mai zanen motoci na Italiya, ya zana ta, an yi ta daga 1962 zuwa 1980.

Abu uku ke kashe ta. Na ɗaya, a ƙasan ƙafar gaba akwai wani maɗauri na tagulla mai zare wanda ƙafar ke juyawa a ciki. Man giya EP90 ake ɗura masa, ba giris ba, duk da kan da ke wurin irin na giris ne. Giris yana bushewa, ruwa ya shiga, zaren ya ci tsatsa, wata rana ana juya sitiyari a hankali sai ƙafar ta karye taya ta shige ciki. Na biyu, wasu siraran wosha da ke hana karanshaf zuwa gaba da baya. A sa wani ya taka kuloci ana kallon fulen gaba, idan ido ya ga ya matsa, sun cinye, idan suka faɗa cikin kwanon mai bulok ya tafi. Na uku ƙafar baya ta ƙirar farko, Mk1 zuwa Mk3: a shiga kwana da gudu a ɗaga ƙafa daga totur, tayar baya ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi, bayan mota ya wulwula. A Mk IV ta 1970 aka gyara sifirin ɗin.

Lagireto_Baba: TR6 kuma, ta Ingila mai na'urar fesa mai ta kamfanin Lucas, ita da zafi ba sa ga maciji. Famfonta a but yake, yana aiki da matsi sama da 100 psi, ya ɗau zafi fetur ya zama tururi a cikinsa, ya yi ta kuka mota ta tsaya. Tanki ya yi ƙasa abin ya fi muni. Masu ita suna sauya shi da na Bosch. Ta Amurka mai kafireta biyu ba ta kai ta ƙarfi ba, amma ita ce ta zafi.

Rewaya_Musa: Kafin a ce wayarin Lucas ba shi da kirki, a san launukansa, don ƙa'ida ɗaya ce a motocin Ingila na lokacin. Ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir, babu fis, ko an cire makulli. Fari yana samun wuta idan an murɗa makulli, shi ma babu fis. Kore bayan makulli ne mai fis. Shunayya kullum da wuta amma da fis. Baƙi shi ne ƙasa. Yawancin matsalar ba waya ba ce, 'yan mahaɗan nan ne masu kan harsashi da suka yi kore, da wurin da baƙar waya ta kama jiki. A goge, a shafa ɗan giris, fitila ta dawo.

Hattara da MGB ta kafin ƙarshen 1967: ƙafar fositif ce ke haɗe da jiki, kuma batir biyu ne masu ƙarfin wuta volt shida-shida a bayan kujeru. A ɗaura batir yadda aka saba, ko a sa rediyon zamani, sai hayaƙi.

Alhaji_Vboot: Duk wannan wahalar ta me? Mercedes SL, R107, 1971 zuwa 1989. Kujera biyu, rufin tamfol da na ƙarfe, yawancinsu da na'urar sanyi. 300SL injinta ɗaya da 300E da kowane mai gyaran Marsandi ya sani, 280SL kuma irin na 280E. A duba tsatsa a ƙarƙashin murfin fankar da ke gindin gilashin gaba, shi ke nan.

Giya_Biyar: Alhaji, wannan falo ce mai taya. Ta haura tan ɗaya da rabi, yawancinsu otomatik. Ta zuwa ɗaurin aure ce, ba ta kwana-kwana ba.

Alhaji_Vboot: Da azahar a watan Afrilu za ka gane wanda ya yi dabara.

Hajiya_Overdrive: Wannan kam gaskiya ce, babu mai buɗe rufi da tsakar rana. Motar asuba ce da bayan la'asar. Alfa Spider ba a ce komai a kanta ba: injin aluminiyam mai kamshaf biyu, giya biyar tun 1966, sai dai giya ta biyu tana ƙara idan an yi mata gaggawa mai bai yi zafi ba, kuma ita ce ta fi kowacce ƙin ruwan rijiya a lagireto.

Malam_Kafireta: Saura baƙin mai. 20W-50 na tsofaffin injuna, mai sinadarin zinc, don kamshaf ɗinsu gugar ƙarfe da ƙarfe yake yi. Inji da zafi ana tafiya, allurar mai ta nuna 50 psi zuwa sama. Fetur na yanzu babu dalma a ciki, kan silinda na ƙarfen zubi kuwa mazaunin bawul ɗin hayaƙi yana lotsawa idan ana doguwar tafiya da gudu. Alamarsa tazarar bawul ta riƙa tsukewa da kanta. Ranar da aka sauke kan, a sa masa mazauni mai tauri.

MaiWalda_Kurna: @Dan_Totur, duk wadda za a turo maka hotonta, ka ce a ɗaga ta a ɗauko ƙasanta da fitila, a kuma ɗage kafet a ɗauki daɓen. Hoton fenti a rana ba ya nuna komai.

Dan_Totur: Na gode ƙwarai. Wata tambayar: mai wilin waya irin na keke, ko mai wilin ƙarfe?

Kingpin_Katsina: A ramukan titi, na ƙarfe. Na waya sai da tub, wayoyin suna sassautawa, haƙoran da ke tsakiya suna cinyewa har ka ji ƙwas idan ka ja ko ka taka birki. Notin tsakiyar na gefen dama kuma zarensa a juye yake, an zana kibiya a kansa, a duba ta kafin a ɗaga guduma.

Oga_Sule_Gareji: Ni dai har yanzu ina kan mai bamban roba. Malam_Kafireta bai ba ni amsa a kan salansa da tudu ba.